Bindiga ko feshin barkono: me za ka rataya in za ka kwana a dajin Amurka?

Da zarar sanyi ya wuce an fara maganar fita kwanan daji da iyali ko da abokai, tambayar da mutanenmu na nan Amurka ke fara jefowa ita ce wai a tafi da bindiga ko a'a. Ni dai ban ga laifin kowa ba, mu da muka taso a arewa yanzu in aka ce daji ba zaki ko kura ke fara faɗo mana a rai ba, 'yan bindiga ne, toh a ce mutum zai kafa tanti a tsakiyar kurmi da matarsa da 'ya'yansa ba katanga ba ƙyaure sai zif, ai dole hankalinsa ya tafi wajen makami. Sai dai lissafin nan ƙasar daban ne, kuma abin da ke gabanka kusan uku ne, ko fistol, ko doguwar bindiga, ko gwangwanin feshin barkonon nan da ake yi musamman saboda beyar, wato babbar dabbar dajin nan mai gashi da farata da Turawa ke kira bear. Ra'ayina tun daga farko shi ne yawancinmu feshin ya fi mana, amma akwai mutumin da bindigar ta dace da shi, bari in baje muku yadda abin yake kowa ya ga inda ya faɗa.

Kafin a zo maganar wanne ya fi aiki, malam duba fasfo ɗinka. Dokar tarayya ta hana wanda ya shigo da bizar wucin gadi riƙe bindiga ko harsashi, wato ɗalibi mai F-1 da ɗan yawon buɗe ido da wanda ya zo ziyara da mai bizar aiki duk suna ciki, sai fa in yana da lasin farauta mai rai daga wata jiha, wannan ita ce ƙofar da doka ta bari. Wanda bizarsa ta ƙare ya ci gaba da zama kuwa ko lasin farautar ba zai fisshe shi ba. Kuma ba sai ka saya ba, ko ta abokinka ce ya ce riƙe min in ɗaure takalmi, ko haya ka yi a wajen koyon harbi, a idon doka ka riƙe. Tun 2022 hukuncin wannan laifi ya kai har shekara 15 a gidan yari, ba a ma zo maganar kora daga ƙasa ba. Mai girin kad, wato takardar zaman dindindin, yana da damar saye ya riƙe, amma shi ma ya sani laifin da ya shafi bindiga yana cikin laifukan da ake iya korar mutum a kansu ko da ya shekara ashirin a nan, abin da ɗan ƙasa zai biya tara ya koma gida ya yi barci kai zai iya kai ka gaban alƙalin shige da fice. Feshin barkono kuwa ba mai tambayarka ko katin shaida, ka shiga shagon kayan daji ka ɗauka ka biya. Wannan kaɗai ya gama wa rabin masu tambayar magana.

Toh a ce takardunka sun cika. Sai kuma tambayar dajin waye za ka shiga, don ba duka ne hukuma ɗaya ba, kuma a nan mutane suka fi rikicewa. Manyan gandun dajin tarayya irin su Yellowstone da Grand Canyon da Yosemite, tun zamanin Reagan ƙa'idar ita ce in ka zo da bindiga sai ka cire harsashi ka ajiye ta inda hannu ba zai kai da sauri ba. A 2009 aka cusa wani sashe cikin dokar katin bashi, eh dokar katin bashi, haka majalisarsu ke aiki, Obama ya sa hannu, daga 22 ga Fabrairun 2010 aka koma bin dokar jihar da gandun yake. In jihar ta yarda ka riƙe toh ka riƙe a cikin gandun. Amma akwai tarko biyu. Na farko gine-ginen gwamnatin tarayya da ma'aikata ke ciki, kamar ofishin karɓar baƙi da ofishin renjoji masu gadin daji, ba a shiga da ita, za ka ga alamar a manne a ƙofa, kuma nan ne fa za ka shiga karɓar takardar izinin kwana a daji, ka ga dole ka bar ta a mota. Na biyu wanda ya fi ɗaure wa mutane kai, an yarda ka riƙe amma ba a yarda ka harba ba. Ba farauta, ba gwajin saiti, ba harbi sama don korar dabba. In ka harba don kare ranka za a yi bincike, kai ne za ka yi bayani.

Dajin da ke hannun hukumar kula da itatuwa ta tarayya da kuma filayen BLM, wato hukumar kula da filayen tarayya, da suka cika yammacin ƙasar, su sun fi sassauci, ana farauta a lokacinta, ana ma gwajin harbi a wurare da yawa, sharaɗin dai a dajin hukumar itatuwan kar ka harba a cikin yadi 150 daga inda mutane ke zango ko gini, kar kuma ka harba ta ƙetaren hanya ko ruwa. Gandun jihohi kuma kowace jiha da nata, na Kalifoniya ba a yarda da bindiga mai harsashi ba, New York bayan wani hukuncin kotun ƙoli kan riƙe bindiga a 2022 ta sa wuraren shaƙatawa na jama'a cikin jerin inda ba a shiga da makami. Sama da rabin jihohi yanzu ba sa neman lasin kafin ka ɗauki fistol a jikinka, Wyoming da Montana da Idaho da Alaska duk haka suke, amma Kalifoniya ba ta san da lasin wata jiha ba sam.

Ka ga matsalar mai tafiyar ƙafa ita ce daji bai san iyakar jiha ba. Great Smoky Mountains rabi a Tennessee rabi a North Carolina, kana tafiya a kan tudu ƙafarka ta dama a wata doka ta hagu a wata. Hanyar Appalachian mai kusan kilomita 3,500 ta ratsa jihohi 14 daga Georgia zuwa Maine, kuma a tsakiya akwai Maryland da New Jersey da New York da Connecticut da Massachusetts, waɗanda ba sa wasa da wannan magana ko kaɗan. Akwai dokar 1986 da ta ba mai mota damar ratsa jiha da bindiga in ya cire harsashi ya kulle ta a but, amma wanda ke tafe da jaka a baya ba shi da but.

Don adalci, feshin ma ba ko'ina yake halal ba. Yosemite sun hana shi, Sequoia da Kings Canyon ma haka, duka ukun a Kalifoniya suke, suna lissafa shi cikin makamai. Dalilinsu dai baƙin beyar kawai gare su, girizli, wato babban beyar mai ruwan ƙasa, ya ƙare a Kalifoniya tun shekarun 1920, kuma a tarihin Yosemite baƙin beyar bai taɓa kashe mutum ba. A can abin da suke tilastawa shi ne robar nan mai murfin kulle ta ajiye abinci.

Yanzu ga ainihin inda ake gardama, beyar ya taso maka, wanne zai tsayar da shi. Akwai masana biyu da kowa ke ambata, Tom Smith na jami'ar Brigham Young da Stephen Herrero na jami'ar Calgary. A 2008 sun fitar da bincike kan karo 83 da feshi ya shiga ciki a Alaska daga 1985 zuwa 2006, suka ga ya tsayar da beyar mai ruwan ƙasa a kashi 92 cikin ɗari, baƙin beyar kashi 90, kuma kashi 98 na mutanen da ke ɗauke da shi sun fita ba rauni. A 2012 suka sake fitar da na bindiga, karo 269 daga 1883 zuwa 2009, fistol ta yi nasara kashi 84, doguwar bindiga kashi 76, abin da ya fi tayar da ƙura kuma shi ne sun ce waɗanda ke da bindiga suka harba da waɗanda ke da ita ba su harba ba raunin da suka samu kusan ɗaya ne. Masu son bindiga suna cewa ba a haɗa binciken biyu a sikeli ɗaya, don da yawa cikin na feshin beyar ɗin ba farmaki ya kawo ba, shinshine-shinshine kawai yake a zango, na bindigar kuma an fi tattaro munanan karo da suka shiga jarida. Kuma gaskiya suna da magana a nan, ni ban ɗauki 92 da 84 a matsayin sakamakon wasan ƙwallo ba. Abin da na ɗauka shi ne dalilan da suka sa bindigar ta gaza, ba lokacin zaro ta, an manta ba a cire makulli ba, ta cije, mutum ya yi tuntuɓe ya faɗi yana ja da baya, ko beyar ɗin ya riga ya hau kan abokin tafiya ba halin harbi.

Ka yi lissafin da kanka. Girizli yana gudun kusan kilomita 55 a awa, wato mita 15 a sakan ɗaya. In ya fito daga cikin duhuwa yana mita 30 da kai, sakan biyu gare ka, ka ga abin, ƙwaƙwalwarka ta yarda da abin da ido ya gani, ka kai hannu, ka zaro, ka saita, ka ja kunama. Kuma abin da kake nema ka samu ba faɗin jikinsa ba ne, ƙwaƙwalwa ko ƙashin baya ne za su zube shi nan take, abu ne ɗan ƙarami yana sama yana ƙasa yana matsowa, hannunka kuma yana rawa. In ka same shi a ciki ko a cinya zai mutu, amma ƙila bayan ya gama da kai. Feshin shi ba ya neman saiti irin wannan, ka cire ɗan makullin roba da babban yatsa, ka karkata bakin ƙasa kaɗan ka danna, hayaƙi mai ruwan lemo ya bazu kamar mita 9 a gabanka, dabbar ce za ta shigo cikinsa da kanta. Barkonon da ke ciki kashi 1 zuwa 2 ne cikin ɗari, ka ji kamar kaɗan ko, toh wanda ya taɓa shaƙar ɓurɓushinsa zai gaya maka kamar an ƙona attarugu ne a ɗaki an rufe taga, ido ba ya buɗuwa numfashi ba ya shiga, balle dabbar da hancinta ya fi na kare.

Amma kar wani ya ɗauka laya ce. Gwangwanin duka sakan 6 zuwa 9 ne ya ƙare, in iska na kaɗowa ta fuskarka kai ma za ka sha, a tsananin sanyi ƙarfin fitarsa yana raguwa, a cikin tanti kuma in ka danna ku duka ne a ciki. A Satumban 2023 a gandun Banff na Kanada girizli ya kashe mata da miji da karensu, ƙwararrun 'yan daji ne, aka samu gwangwanin feshi ɗaya an juye shi kaf. A Kanada kuwa dama ba a yarda baƙo ya yi yawo da bindiga a gandun ƙasa ba, toh masu bindiga suna kafa hujja da wannan. Sai kuma ka dubi na Satumban 2018 a Wyoming, wani mai yi wa mafarauta jagora suna feɗe naman da suka harba shi da baƙonsa, uwar girizli da ɗanta suka afka musu, fistol ɗinsa Glock tana cikin jaka 'yan taku kaɗan daga inda yake, baƙon ya ɗauko ta ya kasa harbawa don bai san kanta ba kuma ba harsashi a bakinta, jagoran ya rasu duk da shi ma ya samu ya yi feshi daga baya. A 2011 a iyakar Montana da Idaho wani mafarauci beyar ya kama shi, abokinsa ya harba don ya cece shi, binciken gawa ya nuna harsashin ne ya kashe shi. Na gandun Denali a Alaska a Mayun 2010 kuma, wata uku da fara sabuwar dokar shiga gandu da bindiga, wani ɗan tattaki ya yi wa girizli kusan harbi 9 da fistol .45, beyar ɗin ya juya aka tsinci gawarsa, shi da abokiyar tafiyarsa suka tsira ba a kuma gurfanar da shi ba. Kowane ɓangare yana da gawar da zai nuna da kuma wanda ya tsira, bambancin da ni nake gani shi ne kuskuren mai feshi awa ɗaya ne na hawaye da tari, kuskuren mai bindiga kuma ba a dawo da shi.

Sannan ko ka yi nasara da bindigar aiki bai ƙare ba. Girizli a jihohi 48 da ke haɗe, ban da Alaska da Hawaii, yana ƙarƙashin kariyar dokar tarayya tun 1975, kare kai hujja ce da doka ta yarda da ita amma sai jami'ai sun zo sun auna wurin sun ji ta bakinka. A Alaska in ka kashe don kare rai sai ka kai rahoto, ka feɗe shi ka miƙa wa jiha fatar har da faratan da kuma ƙoƙon kan. Ka yi tunanin kanka a daji kilomita ashirin daga mota kana feɗe abu mai kilo ɗari biyu da 'yar wuƙar yanka albasa.

Maganar nauyi mai zango kusa da motarsa ba ta dame shi ba, amma mai goyon jaka yana hawa dutse ya san kowane giram. Fistol ɗin da ake ɗauka saboda beyar ba ƙaramar aljihu ba ce, Glock 20 mai harsashi 10mm in an cika ta ta haura kilo ɗaya, mai juyawa .44 Magnum ta fi haka, doguwar bindiga kuma kilo 3 zuwa sama, kuma ita in ka rataya a baya ba ta da amfani, in ka riƙe a hannu ba sandunan tafiya. Feshi da kubensa bai kai rabin kilo ba. Ga kuma abin da ba a gane shi sai an gwada, bel ɗin jakar goyo mai kauri yana zama daidai kan ƙugu inda kuben fistol yake zama, ba za su haɗu ba, shi ya sa za ka ga mutanen Montana da Alaska sun ɗaura ta a ƙirji tsakanin igiyoyin jaka, kowa na gani. Wanda bai son a gani sai ya cusa ta cikin jaka ƙarƙashin rigar ruwa, daga nan kuma ta zama dutse kawai da yake ɗauke da shi. Feshin ma haka ne fa, ina ganin mutane sun saye shi sun zura a aljihun gefen jaka inda hannu ba ya kaiwa sai an sauke, wurinsa igiyar ƙirji ko gaban bel.

Kuɗi kuma ba sai an daɗe ba, feshi dala 40 zuwa 60, yana shekara 3 zuwa 4 kafin ya lalace, kwanan watan na jikin gwangwanin. Fistol mai kyau daga dala 500 ne zuwa sama, ga kube, ga lasin inda ake nema, ga akwatin kullewa, ga harsashin atisaye wanda shi ne cin kuɗin na gaske, don ba a fafe gora ranar tafiya, wanda bai harba ɗaruruwa a fili ba kar ya sa ran hannunsa zai yi daidai ranar da abu ya taso masa. Wani abin dariya, a jirgin sama bindigar ce aka yarda da ita ba feshin ba. Bindiga ka cire harsashi ka kulle a akwati mai tauri ka sanar a kanta ta bi kaya, feshin beyar kuwa ko a kaya ko a hannu ba a ɗauka, sai ka sauka ka saya, ko ka yi haya, a Canyon Village cikin Yellowstone ana ba da haya.

Toh sai ɓangaren da bindiga ta fi ƙarfin hujja, wato mutum. Ba zan ce ba ya faruwa ba. A Mayun 2019 wani ya kai wa 'yan tattaki hari da wuƙa a hanyar Appalachian a Virginia, ya kashe wani tsohon soja ya ji wa wata mata rauni. A Yulin 2022 a gandun Maquoketa Caves na jihar Iowa an kashe mata da miji da 'yarsu a cikin tantinsu. A irin wannan wuri ɗan sanda yana nesa da awa ɗaya ko fiye, waya ba sabis, kuma feshi in mutum na da bindiga yana nesa da kai ba abin da zai yi masa. Wannan gaskiya ce. Amma ka sa ta kusa da ziyara sama da miliyan 300 da ake kai wa gandun tarayya duk shekara, za ka ga hanyar da ka bi da mota ka zo ta fi dajin haɗari. Kuma in ka lura mugu ba ya goyon jaka ya hau dutse kwana biyu don ya nemi wanda zai cuta, inda abin ya fi faruwa kusa da titi ne, wajen ajiye motoci da zangon da mota ke isa, musamman irin na kyauta a ƙarshen hanyar burji inda matasa ke zuwa shaye-shaye daren Asabar. Shi ya sa a ganina mai zango da mota a keɓaɓɓen wuri a dajin hukumar itatuwa ko BLM ya fi mai goyon jaka hujjar riƙe fistol, alhali shi mai jakar ne ya fi jin tsoro.

Akwai kuma abin da bature mai rubutu kan wannan batu ba zai kawo maka ba. Kai baƙi ne, ƙila da gemu, harshenka ya nuna ba a nan aka haife ka ba, matarka da hijabi, ga fistol ɗaure a ƙirji a ƙauyen Idaho. Doka ta ba ka dama, ba musu, amma wanda ya hango ku ya buga wa 'yan sanda 911 ba dokar yake karantawa ba, kuma yadda ya kwatanta ku a waya shi zai sa jami'in ya zo da sanyi ko da zafi. Wani baƙar fata mai suna Philando Castile yana da lasin ɗinsa cif, ya ma sanar da ɗan sandan cewa yana da bindiga, aka harbe shi a motarsa a Minnesota a 2016. Ban ce wannan ya hana kowa haƙƙinsa ba, na ce dai a sa shi a sikeli. Sannan mu masu sallah ne, sau biyar a rana za ka sauke jaka ka tuɓe takalmi ka je bakin rafi alwala, ka yi sujada, toh ina bindigar take a wannan lokacin, in ka ajiye a tanti kuma yara na ciki suna tsalle a kan jakar barci fa. Tanti ba shi da durowa mai makulli. Yaron da ya danna feshi zai yi kuka ya ƙoshi a wanke masa ido da ruwa, ɗayan ba na ma son in ƙarasa.

Abin da ke kashe mutane a waɗannan wurare kuma ba ya jin bindiga ba ya jin barkono. Alƙaluman hukumar gandun sun nuna haɗarin mota da nutsewa a ruwa da faɗowa daga tsauni su ne kan gaba. Yellowstone tun da aka kafa shi a 1872 mutum 8 beyar ya kashe a cikinsa, waɗanda suka nutse sun haura 100, waɗanda suka ƙone a tafkunan ruwan zafi sun haura 20, kuma dabbar da ta fi ji wa mutane rauni a can ɓaunar nan ce da suke matsawa kusa da ita don hoto, alhali an ce a ba ta yadi 25, beyar da kyarkeci kuma yadi 100. Maciji mai dafi yana saran mutum dubu 7 zuwa 8 a shekara a duk ƙasar, waɗanda ke mutuwa kusan 5 ne, kuma wanda ka gani har ka samu lokacin saita shi toh ka samu lokacin kauce masa. Da za a ba ni dala 400 a ce in zaɓi abu ɗaya, na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan adam zan saya irin Garmin inReach, giram 100 ce kacal, in ƙafa ta karye ko yaro ya ɓata ka danna maɓalli masu ceto su ga inda kake.

Sauran aikin kuma a wajen girki yake. Beyar hanci ne ke kawo shi, mu kuma Allah ya yi mu da kayan ƙamshi, kilishi da dambun nama da sardin da man gyaɗa, ga turaren da ba ma rabuwa da shi, ga man shafawa da man goge baki. Duk wannan ba ya kwana a tanti, ya shiga robar kulle ko akwatin ƙarfen da ke zangon, a dafa abinci a ci nesa da wurin kwana kamar yadi 100 in a cikin daji ne sosai, rigar da aka soya albasa da ita ma a cire. Kuma dan Allah kar a fesa barkonon a jikin tanti wai rigakafi, in ya bushe ƙamshinsa jawo su yake. A tafi a ƙungiya ana hira da ƙarfi, wannan dai ba sai an koya mana ba.

In na tattara maka, mai bizar karatu ko ziyara feshi ne nasa ba wata magana. Mai iyali da zai je sanannen zango a Yellowstone ko Glacier ko Grand Teton, feshi a jikin kowane babba, ba ɗaya a jakar maigida ba. Mai dogon tattaki da zai ƙetare jihohi, bindigar za ta zame masa kaya da shari'a ne kawai. Wanda zai je Yosemite robar abinci ce makaminsa. Wanda kuma ɗan ƙasa ne ko mai girin kad, yana zaune a jihar ya san dokarta, yana zuwa atisaye a kai a kai, zai kwana shi kaɗai ko da manya a lungun da ba renja ba sabis, ko zai shiga cikin Alaska, ko farauta ce ma ta kai shi zai tsaya kan jini da nama inda girizli yake, wannan ya ɗauki bindigarsa, ya kuma haɗa da feshin kamar yadda da yawa daga mafarautan can ke yi, feshi a hannun da ya fi saurin kaiwa. Kafin ka tashi ka buɗe shafin gandun da za ka je a intanet ka karanta ɓangaren dokoki, in wani abu bai fito maka ba ka kira ofishin renjojin ka tambaya kai tsaye, suna amsawa, kuma akwai gwangwanin gwaji mara barkono da ake sayarwa da araha, ka saya ku fita bayan gida kai da madam kowa ya gwada cire makullin da hannu ɗaya ya danna.